An Ce Musu Na Koma Afirka

Sana'ata kitso. Da shi na ci abinci a Maradi, da shi na ci a New York. Sunana Zainabu, amma a shago Abu ake ce mini, ko Ta-Maradi. Ban yi lakkwal ba, wato boko. Abin da na gani shi zan faɗa.

Miji ne ya kawo ni, direban tasi. Bayan 'yan shekaru ya sake ni, ya koma wata jiha da zama. Takardun zama dai ya yi mini kafin ya tafi, na gaskiya, masu sunana da hotona. Ban riƙe shi da komai ba.

Na fara a titi na 116, a Harlem. Aikina na farko ba kitso ba ne, tsayuwa ce. Madam mai shagon, 'yar Senegal, takan tsayar da sabuwar zuwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta riƙa kiran mata masu wucewa. Kalma biyu ta Turanci aka koya mini, na yi ta maimaita su cikin sanyi har leɓena ya tsage. In na kawo kwastoma, wata ce za ta kitse ta. Da na yi magana Madam ta ce haka kowa ya fara. Ƙarya ce. Wadda ba ta da kowa ake tsayarwa.

Wadda ta shigo da ni ciki Mma Fati ce, 'yar Zangon Kumasi. Ta girme ni. Ƙatuwa ce, in tana magana sai ka ce wani take kira a ƙarshen kasuwa. Wata rana ta leƙo ta gan ni ina rawar sanyi.

"Ke, Ta-Maradi, hannun nan naki na aiki ne ko na ado?"

"Na aiki ne."

"To shigo ki kama mini wannan gefen. Madam, in kin yi magana ni ma na fita."

Madam ba ta hana ba. Daga ranar muke kama kai ɗaya mu biyu, ita dama ni hagu. Daga baya ɗaki ma ɗaya muka kama a University Heights, cikin Bronx, hawa na biyar, kuma da ƙafa ake hawa.

Shagon yana da wata doka wadda ba wanda ya kafa ta. Rabin matan ba su da takardu, har da Mma Fati. In waya ta yi ƙara, aka ji muryar Turanci tana neman mace da cikakken sunanta na fasfo, amsar a haddace take: ba a san ta ba, ko ta koma Afirka. Ba a tsayawa tambayar wa ke kira. Mai kitso kuma hannunta kullum cikin gashi da mai yake, don haka wayoyinmu a kan teburi ɗaya suke zama, wadda hannunta ya sarara ita ke ɗauka. Ni kaina na sha gaya wa mutane cewa wance ta koma Afirka, alhali tana kusa da ni tana cin shinkafa.

Ciwon ya fara da ƙafa. Na ɗauka tsayuwa ce. Sai fuska ta kumbura, takalmi ya daina shiga, abinci ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Na sha jiƙo, na sha rubutu. Wata mata a Soundview ta sayar mini da garin magani ta ce daga Agadas aka kawo shi. Ranar da na faɗi a matakalar gidanmu aka kai ni asibiti. Likita ya kira tafinta ta waya, wani Bakano. Ya yi ta kewaye-kewaye.

"Hajiya, sai haƙuri, kin san komai na Allah ne."

"Malam, faɗa mini abin da ya ce."

"Ya ce ƙodojinki sun mutu, duka biyun. Hawan jini ne ya cinye su."

"To. Sai me?"

Sai wanki.

Wurin wankin ƙodar yana ƙasan wani bene a Bronx. Kujeru a jere, kowa da injinsa. Allura biyu masu kauri a hannu, jini ya fita ta roba, ya zaga cikin inji, ya dawo da sanyi. Sau uku a mako, rabin yini. In na tashi ƙafafuna kamar na aro su. Aka hana ni gishiri, aka hana ni ruwa sai ɗan kaɗan. Ni da na taso inda ake bin layi a rijiya, na zo garin da famfo ba ya ɗaukewa, aka ce kada in sha.

Kujerar da ke kusa da tawa ta wani tsoho ce, Ramon, ɗan Dominika. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, Turancinmu duka a karye. Shi ya koya mini tsotsar ƙanƙara maimakon shan ruwa. Yakan zo da ita cikin ƙaramin kofi ya raba biyu. In jijiyar ƙafata ta ɗaure, shi ke ƙwala wa nas kira, don ya lura ni ba na kira. Yana layin jiran ƙoda tun kafin in zo. Wayarsa kullum a kan ƙirjinsa take, ko barci yake.

Ni ma bayan gwaje-gwaje masu yawa suka sa ni a layin. Matar da ke riƙe da al'amarina a babban asibiti Mis Joyis ce, 'yar Jamaika, gajeruwa, ba ta wasa. Ta ce masu jira sun fi ƙodojin yawa nesa ba kusa ba, shekaru ake yi, wasu ba su kaiwa. Ta ce in an samu ba a jiran kowa. In aka kira ba a same ni ba, na bayana za a kira. Ta nemi lamba biyu. Na ba ta tawa da ta shago.

Ban gaya wa kowa ba, har Mma Fati. Sun san ina wanki, wannan ba ya ɓoyuwa. Amma maganar layi na rufe ta. A gidanmu mace ba ta faɗin ciki sai ya fito da kansa, matafiyi ba ya faɗin ranar tashi. Abin da bai tabbata ba ba a sa shi a bakin mutane. Haka aka rene ni.

Masu rai ma an gwada. Ɗiyata Hadiza, ta auren fari, tana Maradi, ta ce za ta zo ta ba ni tata. Aka hana ta biza. Sai ta riƙa turo mini muryoyin 'ya'yanta a waya, jikokin da ban taɓa goyawa ba, don mai wanki ba ya nisa da injinsa. Ina kan kujera nake saurarensu. Wani lokaci ba maganar yaran nake ji ba, bayansu nake saurare: akuya, daka, mai tallar fura. Mma Fati ta ce a yanke tata a ba ni. Na ce ba a karɓar ta mai ciwon suga. Ta zagi sugan.

Sai wani Ila, mai sayar da hula da tabarau a bakin titi, ya tare ni.

"Abu, ni ƙoda biyu gare ni, ke takardu gare ki. Mu yi aure, kowa ya huta."

Na ce a fara gwada jini. Ya ce a fara ɗaura aure. Muka yi ta ja. Da ya ga ba zan sauka ba ya yarda, aka sa rana. Ranar gwajin ya ce ƙanensa ba lafiya a Filadelfiya. Har yau ƙanen bai warke ba. Mma Fati takan tsaya gaban teburinsa ta ce, "Ila, ina ƙodar? Ko ita ma ta tafi jinya?"

Shekaru suka yi ta wucewa. Aka canja shugaban ƙasa, kamen marasa takardu ya yi yawa. Aka ɗauke mijin wata 'yar shagonmu yana fitowa daga gida da safe. Daga nan ko ɗan aike ne ya shigo da riga mai tambari sai ka ga mata sun nufi ƙofar baya.

Wata Laraba na je wanki, babbar nas ta hango ni ta taho da sauri. "Zainabu! Ashe kina nan?" Ta kira tafinta. Ga abin da aka ce mini. Jiya da rana an samu ƙodar da ta dace da jinina. Mis Joyis ta kira wayata, wata mata ta ce na koma Afirka. Ta kira lamba ta biyu, wata matar daban ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Kafin ta kira wurin wankin a gaya mata shekaranjiya ina kan wannan kujerar, lokaci ya ƙure. An ba na bayana.

Na tuna jiyan. Na fita sayen gashin ƙari a shagon sari, na bar wayata a caji.

Aka soka mini allura ban ji ba. Ramon ya tambayi nas da yarensu, ta gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe. Ranar bai raba ƙanƙarar ba, duka ya miƙo mini.

Da aka gama ban tafi gida ba. Na shiga jirgi na sauka 116. Na tarar da Mma Fati a kan wata kwastoma.

"Mma, jiya an kira ni?"

Ba ta ɗaga kai ba. "Wa ya gaya miki?"

"An kira ko ba a kira ba?"

"An kira. Na gama da su. Ki kwantar da hankalinki."

"Me kika ce musu?"

"Abin da ake cewa mana. Ei, Abu, matar nan ta san sunanki har na babanki. Ta san ranar haihuwarki! Ke kanki kin san ranar haihuwarki? Na ce daga ina, ta ƙi faɗa. Wa ke yin haka in ba gwamnati ba?"

Matan suka yi dariya.

"Ni ai ina da takardu."

"Yanzu masu takardun ma ɗauka ake. Na ce wa Madam kada a gaya miki jininki ya hau."

"Ƙoda ce."

"Mece ce?"

"Asibiti ne. Ƙoda suka samo mini. An ba wani."

Kwastomar ta juyo tana tambaya da Turanci me ya faru, ba wanda ya kula ta. Mma Fati ta saki gashin ta zauna, ba a kujera ba, a ƙasa cikin guntayen gashi.

"Don me ba ki faɗa ba? Ɗaki ɗaya muke kwana! Minsharinki ma na haddace shi, wannan ne ban isa in sani ba?"

"Ba a faɗa."

"To mu ma ba a amsawa!"

Madam ta ce laifin asibiti ne, da sun faɗi ko su wane ne. Daga baya Mis Joyis ta ce mini doka ta hana su gaya wa wani ciwon mutum ta waya. Ni na ɓoye, shago ya ɓoye, asibiti ya ɓoye, kowa kuma don ni ya yi.

Ban yi kuka ba. Na wanke hannu na kama gefen hagu, muka ƙarasa kan.

Na yi watanni ban yi mata magana ba. Ɗaki ɗaya, kai ɗaya, ba uffan. In ina son matsefi sai in miƙa hannu. Tana dafa mini nawa daban, marar gishiri, ta rufe ta ajiye. Ina ci. Ban ce an gode ba. Na san ba mugunta ta yi ba. Sanin bai rage mini komai ba.

Wata safiya na je wanki na tarar da wata mata a kujerar Ramon. Na tambayi nas. Ta ce zuciyarsa ce, a gida, ranar Lahadi. Kiransa bai zo ba. Da na koma ɗaki na tarar da Mma Fati tana ninke kaya.

"Tsohon nan mai ƙanƙara ya rasu."

Ta ce, "Inna lillahi." Ta tsaya da riga a hannu tana kallona, don maganar farko ke nan.

Na miƙa mata wayata. "Riƙe. Kin fi ni jin Turanci. Kowa ya kira, ina nan."

Ta sa tela ya ɗinka wa wayar jaka, ta rataya a wuya kamar laya. Daga ranar ba wanda ya neme ni ya rasa. Masu tallar inshora, masu tallar tafiya yawon buɗe ido, duk sai ta kara mini su a kunne hannuna cikin gashi. Wani ya yi kuskuren lamba yana neman Hose, ta ce masa yana nan.

Ana cikin haka Mis Joyis ta kira ni ofishinta. Ta yi mini faɗa tukuna, sannan ta sa tafinta ta ce akwai hanyar da kan rage jira, amma sai na yarda. Ta ce yawancin ƙodojin da ake dasawa daga mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta riga ta mutu ake samu. Amma akwai wasu. Mutum ya ji mummunan rauni, injin numfashi ke riƙe da shi, likitoci sun ce ba tashi, danginsa sun yanke a cire injin. In shi ya bar wasiyya, ko dangin sun yarda a yi kyauta, sai a cire, a jira zuciyar ta tsaya da kanta, a ƙara jira a tabbatar, sannan a ɗauka.

Na ce, "Don ku samu ƙodar kuke cire injin?"

Ta ce a'a. Masu jinyarsa daban, masu ɗaukar ƙoda daban. Da ni da babu ni, za a cire.

Ta ce amma in sani, tun mutumin yana da rai za a kira ni in zo in jira. In zuciyar ta daɗe ba ta tsaya ba, ƙodar ta lalace, sai a sallame ni.

Wannan karon na gaya wa Mma Fati. Ranar Juma'a muka tare liman bayan salla. Ya ce malamai da yawa sun halatta, in kyauta ce ba ciniki ba, kuma an tabbatar da mutuwar. Mma Fati ta ce, "Malam, in ta mashayi ce fa?" Ya ce, "Hajiya, giyar shi ya sha. Ƙodar Allah ya yi ta." Na koma na ce na yarda.

Kiran ya zo wata Asabar da hantsi, shago a cike. Mma Fati ta ɗaga, ta saurara, sai ta kama ihu cikin wayar da Hausa, "Tana nan! Tana nan! Ba ta je ko'ina ba!" Muka bar kan kwastoma rabi a kitse rabi a tsefe. Matar ta kama masifa. Madam ta tuɓe zobbanta ta karɓi kan da kanta, abin da ban taɓa gani ba.

A ƙofar asibiti akwai mai gadi da teburi, kowa sai ya nuna kati. Mma Fati kuwa ko ɗan sanda ta hango tsallake titi take. Ta tsaya cak.

"Koma, Mma. Zan shiga ni kaɗai."

"Rufe mini baki."

Ta zaro katin shaida na garin New York da aka yi mata, irin wanda ake ba har marar takardu, wanda ba ta taɓa nuna wa kowa ba, ta ajiye a teburin. Mai gadin ko fuskarta bai kalla ba. Ya liƙa mata takarda a ƙirji ya ce hawa na bakwai. A cikin lifta ta ce, "Shi ke nan? Shekarun nan duk wannan nake tsoro?"

Aka ba ni riga mai buɗaɗɗen baya, aka ɗebi jini, aka ce ba ci ba sha. Wani likita ya ce mutumin a wani asibiti yake, da la'asar za a cire injin. Bai faɗi namiji ne ko mace ba. Mma Fati ta fito da carbi, ta ja kaɗan, ta tsaya.

"Abu, me zan roƙa?"

"Ban sani ba."

"In na ce Allah ya ba ki, na ce ya ɗauke shi ke nan. In na ce Allah ya tashe shi, ke fa?"

"Ki ce Allah ya sauƙaƙa masa."

"Sauƙi wane iri?"

"Shi ya sani."

Ta ci gaba da ja. Ni kuma hankalina ya tafi can. Wasu mutane suna tsaye kewaye da gado, wata ta riƙe masa hannu, suna kallon numfashinsa. Ni ma numfashin nake jira, daga wani gefen gari. Ban ji daɗin kaina ba. Ban kuma tashi na tafi ba.

Gab da magariba likitan ya dawo. Zuciyar ba ta tsaya ba, lokaci ya wuce, in sa kayana.

"Alhamdu lillahi!" in ji Mma Fati. Sai ta toshe baki. "Yi haƙuri, Abu. Bakin ne."

Na ce ni ma shi na faɗa a ciki. Na tambayi likitan ko mutumin zai tashi ke nan. Ya ce a'a, zai rasu, yau ko gobe, sai dai ƙodar ba ta kowa ba ce yanzu. Wannan ya fi yi mini ciwo. Dangin sun miƙa, ba a samu karɓa ba.

Muka fito. A bakin titi akwai mai keken shinkafa da kaza. Na ci da gishirinta da yajinta, Mma Fati ba ta hana ni ba.

Kira na gaba ya zo bayan sanyi ya wuce. Ɗakin dai shi ne, rigar ita ce. Wannan karon ba a daɗe ba. Likita ya shigo ya ce ya rasu, ƙodar tana hanya. Muka yi salati. Aka tura ni. Na farka da ciwo a marata ta dama da fuskar Mma Fati a kaina.

"An sa," in ji ta.

An sa, amma ba ta yi aiki ba. Likita ya ce irin wannan ƙodar ta sha wahala lokacin da jini ya tsaya, barci take, yawanci suna tashi. Na riƙe kalmar nan, yawanci. Suka mayar da ni kan inji da sabon ɗinki a ciki. Wannan wankin ya fi duk na baya ɗaci. Ina kallon jinina yana zagawa ina cewa, mutum ya mutu, an yanka shi, an yanka ni, ga ni inda nake.

Suka sallame ni da buhun magani da wata roba mai zanen awo, duk fitsarin da na yi in auna. Ni kuwa na daɗe da rabuwa da fitsari. Wanda ya daɗe a wanki ba ya yi, sai ɗigo. Maƙwabtanmu biyu 'yan Dominika suka ɗora ni a kujera suka hau da ni hawa biyar, suna nishi suna dariya, suka ƙi karɓar ko ruwa.

Mma Fati ta bar zuwa shago. Takan zauna bakin gado ta sunkuya wajen marata ta yi wa ƙodar magana.

"Ke baƙuwa, tashi. A gidan nan ba a barci har rana. Ko Hausar ce ba ki ji?"

Ta gwada Turanci. Ta gwada Tuwi, yaren mutanen Kumasi. Ta je ta tambayo maƙwabta yadda ake cewa tashi da yarensu ta zo ta gwada.

"Mma, ki bar ni in huta."

"Ba da ke nake ba."

Ɗigon ya riƙa ƙaruwa kaɗan kaɗan. Ban yarda da shi ba. Na sha ganin abu ya matso ya koma. Na je wanki, na dawo, na sake zuwa.

Ranar wata Lahadi matan shago suka zo dubiya, har Madam, da kwanukan abinci. Ɗakin ya cika, ana gulmar kwastomomi. Sai na ji wani abu a marata wanda na manta yadda yake. Na ɗauka ɗinkin ne. Na gyara zama, bai tafi ba. Na tashi na ɗauki robar na shiga banɗaki.

Na daɗe. Hirar waje ta yi ƙasa, ta tsaya. Mma Fati ta buga ƙofa.

"Abu? Famfo kika buɗe?"

"A'a."

"Wallahi?"

"Wallahi."

Na fito da robar, ta kusa cika. Mma Fati ta ƙwace ta ɗaga sama kamar an haifi ɗa namiji, ta rangaɗa guɗa. Matan suka ɗauka. Madam ta tashi tana rawar garinsu da zani a hannu. Maƙwabcin ƙasa ya riƙa buga rufinsa da sanda. Bayan kwana biyu aka ɗebi jinina likita ya ce ba sauran wanki, kuma ban sake hawa injin nan ba. Amma ni tun a ranar na sani. Na jingina da bango, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Na bar su suka yi, sannan na ce, "Ya isa."

"Bai isa ba! Kin san shekarun da muka yi?"

"Mma, akwai gidan da har yanzu ake karɓar gaisuwa."

Ta sauke robar a hankali.

"Yaya sunansa?"

"Ba su faɗa ba. Ko mace ce ma ban sani ba."

"To wa za mu ce?"

Ta ɗaga hannu za ta fara addu'a, na ce ta je ta wanke su tukuna. Ta je ta wanke, ta dawo tana sharewa a zani, ta zauna a ƙasa, kowa ya zauna.

"Allah, mu ba mu san shi ba, kai ka san shi. Ka san gidansu. Ka ba mutanensa haƙuri. Abin da suka yi wa Abu, kai ka saka musu."

Muka ce amin. Ban gama shafawa ba na ji fitsari ya sake kama ni. Na ce su ba ni hanya.